BAYAN RUWA YA JANYE: MARAƊI 1945, ACEH 2004, DA GULBIN DA KE BARCI KUSA DA MU



Mu nan Kanan-Bakashe ba mu da teku. Wanda ke son ganin teku sai ya yi tafiyar kilomita dubu ko fi, ya dangana da Ikko ko Kwatano. Ƙasarmu kuma ba ta cika girgiza ba, alhamdu lillahi. Shi ya sa in mushe ya zo darasin girgizar ƙasa da tsunami, sai mu haddace don jarrabawa, in an fita aji mu manta, tunda a ganinmu wannan masifar mutanen bakin teku ce. To amma tarihi ya nuna abin da ke biyo bayan ruwa iri ɗaya ne ko'ina. Waɗanda suka tsira sai sun tambayi kansu ina za a sake gini, wa zai kawo taimako, kuma mi za a gaya wa yaran da ba a haifa ba tukuna. Mutanen Maraɗi sun yi waɗannan tambayoyi shekara 59 kafin mutanen Aceh su yi su. Abin da nake son mu duba shi ne yadda kowa ya amsa, musamman tambaya ta ƙarshe, don ita ce ke hannunmu.

Yadda Maraɗi ta hau tudu

Maraɗin da muka sani yau, mai manyan tituna miƙaƙƙu, ba nan take ba tun asali. Bayan jihadi ya ci Katsina a 1807, sarakunan Haɓe da jama'arsu suka yo arewa suna neman mafaka. Wajen 1819 Sarki Ɗan Kasawa ya kafa gadon sarauta a Maraɗi, kuma cikin kwarin gulbi aka zauna. Ba wauta ce ta sa su zaɓi kwari ba. A wancan zamani kwarin kurmi ne mai duhu, dokin abokin gaba ba ya sukuwa a ciki. Ga ruwa kusa, ga fadama mai ba da dawa da kayan miya. Mutumin da ke gudun mashi ba ya tunanin ambaliya. Haka aka kewaye gari da ganuwa, aka zauna sama da shekara ɗari, har Faransawa suka zo, har suka ɗauke mazaunin kwamandansu daga Tasawa suka mai da shi Maraɗi a 1927.

Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa. Yakan shigo Nijar ta wajen Madarumfa, ya bi ta Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, sannan ya sake komawa Najeriya ya haɗu da gulbin Rima. Da rani yashi ne kawai, yara na wasa a ciki. Da damina kuwa, ruwan da aka yi can kudu, wanda ɗan Maraɗi bai ga ko hadarinsa ba, shi ke gangarowa.

A daminar 1945, shekarar da aka gama yaƙin duniya na biyu, gulbi ya cika ya batse, ya shiga gari. Ginin ƙasa ba ya jayayya da ruwan da ya kwana a gindinsa: gindin bango ya jiƙe, ya narke, ɗaki ya zauna. Rumbu ma haka, da hatsin da ke ciki. Ɓarnar ta kai inda hukumar mulkin mallaka ta yanke cewa ba za a sake gina garin a wurin ba. Aka auna fili bisa tudun da ke kallon kwarin, aka ja tituna masu faɗi, aka yanka fegi-fegi, aka bar babban dandali gaban gidan sarki. Jama'a suka kwashe abin da ya rage suka hau.

Ku tsaya ku auna abin da ƙaurar nan take nufi. Ba ɗakuna kaɗai aka bari a ƙasa ba. An bar kushewar iyaye da kakanni, an bar rijiyoyin da aka saba, an bar masallatan unguwa da durumin da dattawa ke zama, an bar wuraren da ƴan bori da masu gargajiya ke girmamawa. Mace da ta yi shekara talatin tana ɗibar ruwa a ƙofar gida ta wayi gari bisa tudu, inda ruwa ke da nisa. Abu guda da mutane suka ƙi bari shi ne sunayensu. Unguwanni irin su Bagalam, Ƴandaka, Maradawa, Ɗan Gulbi da Limanci sun hau tudu tare da masu su, maƙwabci ya nemi maƙwabcinsa. Wannan dabara ce babba: gini ya rushe, amma zumunci bai rushe ba.

Sabon garin kuma ya zo daidai da sauyin zamani. A watan Afrilu na 1946 aka soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulka. Cinikin gyaɗa ya bunƙasa, manyan motoci suka samu titin da za su juya, kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna, ƴan kasuwar da daga baya aka sani da Alhazan Maraɗi suka taso. Garin da ruwa ya kora shi ne ya zama cibiyar kasuwancin ƙasa. A ƙidayar 2012 mutanensa sun wuce 267,000. Inda tsohon birni yake kuwa, yau gonaki ne da garake.

To ga gwaji. Gobe ku tambayi ƴan ajinku mutum goma mi ya faru a Maraɗi a 1945. Ku ƙirga nawa za su amsa. Gari ya hau tudu, amma labarin dalilin hawan bai bi jikoki yadda ya kamata ba.

Safiyar Lahadi a Aceh

Yanzu mu tsallaka can gabas mai nisa, ƙasar Indunusiya. A ƙarshen tsibirin Sumatra ta arewa akwai lardin Aceh, ƙasar Musulmi ce tun ɗaruruwan shekaru. Ran Lahadi 26 ga Disamba 2004, wajen ƙarfe takwas na safe, ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin teku da ƙarfin maki 9.1. Ƙasan teku ya ɗaga, ya tura ruwan da ke samansa. Abin da ake kira tsunami ke nan. Cikin kamar rabin awa ruwa ya shiga birnin Banda Aceh. A wasu wurare na gaɓar yamma tsawon igiyar ya kai mita 30. Ta ratsa tekun Indiya ta bugi Tailan, Siri Lanka da Indiya, bayan kamar awa bakwai ta iso Afirka, ta kashe masunta a Hafun ta Somaliya. Mutum kusan 230,000 suka rasu a ƙasashe 14. A Aceh kaɗai an rasa wajen 167,000, wasu rabin miliyan suka rasa muhalli. A garin Lampuuk masallaci kaɗai ya rage tsaye, kewaye da fili fetal.

Ruwan ya janye a yini guda, amma abin da ya bari ya ɗauki shekaru. A ƙauyuka da dama mata sun fi maza mutuwa ninki uku ko huɗu, don safiya ce, suna gida da yara, kuma da yawa ba su iya iyo ko hawan itace ba. Aka samu ƙauyukan gwauraye da marayu. Takardun filaye sun lalace, iyakokin gonaki sun shafe, dattawan da suka san iyakar kowa sun tafi. Kafin a aza tubali ɗaya sai da aka zauna ƙauye-ƙauye ana shaida wane ne mai ina, kuma wane maraya ne ya gaji wane.

An samu alheri a ciki. Tun 1976 ake yaƙi tsakanin gwamnati da ƴan tawayen GAM. Bayan masifar, ɓangarorin biyu suka ga ba sauran abin da za a yi faɗa a kai in ba a tashi gari ba, suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya a Helsinki ran 15 ga Agusta 2005. Hukumar sake gini da aka kafa a Afrilun 2005 ta yi aiki shekara huɗu, aka gina gidaje wajen 140,000.

Amma ku lura da inda aka gina su. Da farko gwamnati ta so a bar bakin teku fili, kowa ya ja baya, kamar dai yadda aka yi wa Maraɗi. Mutane suka ƙi, don masunci ba ya kamun kifi bisa dutse, kuma filinsa na gado can yake. Aka sake gini a inda ruwa ya share. Da shekaru suka wuce, masu hali suka riƙa sayen fili can nesa da teku, haya ta yi arha a gaɓa, talakawa da baƙi suka cika wurin. Wanga abu mun san shi. A garuruwanmu ma, wa ke gini a bakin kwazazzabo da gefen tabki? Wanda kuɗinsa bai kai na fegin tudu ba.

Tsibirin da kunne ya ceta

Akwai wani tsibiri kusa da inda girgizar ta tashi, sunansa Simeulue. Ya fi Banda Aceh kusa da bakin masifar, igiya ta same shi cikin ƴan mintoci, ta rushe ƙauyukan gaɓa. Mutanensa wajen 78,000 ne a lokacin. Tsunami ta kashe mutum bakwai.

Ba su da na'urar gargaɗi, ba su da jiniya. Abin da suke da shi kalma ɗaya ce, smong. A 1907 irin wannan igiya ta hallaka jama'ar tsibirin da yawa. Waɗanda suka tsira suka sa labarin cikin waƙar reno da tatsuniya da hirar dare. Kuma ba labarin kuka kaɗai suka bari ba, sun bar umarni: in ƙasa ta girgiza da ƙarfi, in ka ga teku ya ja baya ya bar kifi a yashi, kar ka tsaya tsinta, ɗauki yaro ka hau tudu. Shekara 97 kaka na gaya wa jika. Ran da abin ya dawo, aka yi ta ihun smong, kowa ya nufi dutse. A wasu gaɓoɓin kuwa, da teku ya ja baya, mutane suka ruga kallo da tsintar kifi.

Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Sun kuma ce kunne ya girmi kaka. Mutanen Simeulue ba su san karin maganarmu ba, amma sun fi mu aiki da ita.

2005: lokacin da idon duniya ke wani wuri

Wani zai ce ai in masifa ta zo, duniya za ta kawo agaji. Bari mu duba shekarar da ta biyo bayan tsunami, don iyayenmu da yayyenmu sun gan ta da idonsu.

Daminar 2004 ta ɗauke da wuri, fara kuma ta sauka a wurare da dama. Aka lissafta giɓin hatsi na tan 223,000 a ƙasa, ciyawar dabbobi ma ta yi ƙaranci ƙwarai. A watan Nuwamba 2004 gwamnatin Nijar ta nemi taimakon abinci daga waje. Wata guda bayan haka tsunami ta auku, hankalin duniya duka ya koma can. Aka yi alkawarin sama da dalar Amurka miliyar 13 don ƙasashen da igiyar ta shafa. A watan Mayu 2005 Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi miliyan 16 kacal don Nijar, aka yi makonni ba a ga abin kirki ba.

Kar a fahimce ni ba daidai ba: mutanen Aceh sun cancanci duk abin da aka ba su. Abin lura shi ne yadda agaji ke tafiya. Tsunami ta zo da hotuna masu firgitarwa a rana ɗaya. Yunwa kuwa sannu take shiga, rumbu-rumbu, tiya-tiya. Kasuwannin Maraɗi da Tasawa da Mayahi ba su rasa hatsi ba, kuɗinsa ne ya gagari talaka. Buhun da aka sayar da arha da kaka ya wuce jika ashirin da biyar da damina ta kama, akuyar da za a sayar a saya shi kuma ta faɗi warwas. Maza suka tafi cin rani Najeriya, mata suka shiga daji neman tafasa da anza. An ƙiyasta mutum miliyan 3.6 abin ya shafa.

Sai a watan Yuli, da gidajen talabijin na waje suka nuna yara ƙasusuwa a cibiyar likitocin MSF ta Maraɗi, sannan jiragen abinci suka fara sauka. Rabon kyauta ga kowa bai kankama ba sai Agusta. A watan ne Shugaba Tandja Mamadu ya ce babu yunwa a ƙasar, a watan ne kuma Kofi Annan ya zo Damagaram ya gani da idonsa. A shekarar MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a jaharmu.

An koyi wasu abubuwa. Daga nan ne cibiyoyin tamowa suka yaɗu a likitocinmu, aka kawo dokar jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta, kuma da yunwa ta sake leƙowa a 2010 hukuma ta faɗi gaskiya da wuri. Amma babban darasin shi ne tazarar wata takwas tsakanin kiran Nuwamba da isowar agajin Yuli. Duk wanda ya tsira a cikin watannin nan, da abin da ke kusa da shi ya tsira: dangi, maƙwabci, ɗan da ke aiko kuɗi daga Kano, da sanin tsohuwa na wane ganye ake ci da yadda ake jiƙa anza har ɗacinta ya fita.

Ruwa bai manta hanyarsa ba

A tsakiyar Yuli 2018 aka yi ruwan dare a Jibiya, can saman Gulbin Maraɗi. Mutum wajen hamsin suka rasu, wasu gawawwakin sai a cikin Nijar aka tsinto su. Gulbi bai san iyaka ba, bai san dwan ba.

Sai 2024. Ran 30 ga Agusta, ruwa wajen milimita 150 ya sauka a birnin Maraɗi cikin ƙasa da awa biyu, aka rasa aƙalla mutum 15. Ran 3 ga Satumba tsohon masallacin Birni na Damagaram, ginin ƙarni na 19, ya rushe. Kafin damina ta ƙare, kusan mutum 400 sun rasu a faɗin ƙasa, sama da miliyan ɗaya da rabi abin ya shafa, kuma jahar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Mu ɗalibai ma ya taɓa mu: maimakon 2 ga Oktoba, sai 28 ga wata aka koma lakwal, don wasu azuzuwan sun faɗi, wasu kuma mutanen da suka rasa gida ke kwana a ciki.

Mi ya sa garin da ya hau tudu don gudun ruwa ya sake sha? Wannan karon daga sama ruwan ya zo. Gari ya faɗaɗa ninki-ninki, filayen da ke shanye ruwa sun zama gidaje da siminti, magudanai sun toshe da leda da yashi, kwazazzaban da ke gangarawa daga tudu zuwa kwari suna cin unguwanni, mutane kuma sun koma gini a gangare da hanyar ruwa. Hawan tudu na 1945 ya sayo wa Maraɗi shekaru masu yawa, amma tudu ba laya ba ne. Kowane zamani sai ya sake tambayar kansa ta ina ruwa ke bi.

Gulbin Kaba da aikin da ya rage mana

Mu dawo gida. Gulbin Kaba ya taso daga Najeriya, ya ratso ta wajen Gazawa, ya biyo ta ƙasarmu da Mayahi. Mu mun san shi da goriba da kaba, da tabarmi da igiyar da iyayenmu mata ke saƙa. A darasin ƙasa ana kiransa mataccen kwari, don ruwa ya daɗe bai gudu a cikinsa kamar da ba. Amma kwari ruwa ne ya haƙa shi, kuma duk inda ƙasa ta yi ƙasa, nan ruwan sama zai taru. Haka tabkunan cikin Tasawa, haka kowane ƙoramar da ta ratsa ƙauye. Shekarun farin 1973 da 1984 sun sa mutane sun saba da ƙarancin ruwa, aka yi gini da gona a wuraren da kakanni ke kaucewa. Yanzu ga shi ruwa na zuwa da yawa a lokaci ɗaya.

Ba mu ke raba fegi ba, ba mu ke gina magudana ba. Wannan aikin magajin gari ne da masu unguwa da hukuma, kuma ya kamata a riƙa tuna masu. Amma akwai aikin da ba ya son ko dala, kuma ya fi dacewa da masu biro da kaye irinmu. Kowannenmu na da tsoho ko tsohuwa a gida. Mu zauna da su tun suna nan. Mu tambaye su wace shekara ce ruwa ya fi yawa a ƙauyen nan, ina ya tsaya, wane itace ya kai, gidan wa ya faɗi, ina aka gudu. Mu tambaye su sunayen shekarun yunwa da abin da aka ci aka rayu. Mu tambaye su wane wuri ne aka hana gini da can, kuma don mi. In tsoho ya ce maka "nan wurin ba a kwana, hanyar ruwa ce, haka munka taras", rubuta, da sunan wurin, da ranar da ya faɗa.

Sannan kar mu bar shi cikin kaye. Mu zana taswirar ƙauye da hannu, mu sa alamar inda ruwa ya taɓa kai da tudun da za a nufa, mu kai wa mai gari da liman da darektan lakwal. Masu waƙa a cikinmu su sa shi a waƙa, masu wasan kwaikwayo su yi shi a bikin ƙarshen shekara, ta yadda ƙanenmu na aji ɗaya zai san in ruwa ya kwana yana zuba kuma gindin bango ya yi duhu, ba a komawa ɗaki ɗauko kaya. A Japan ma akwai ƙauyen Aneyoshi da kakanni suka kafa dutse suka rubuta kar a yi gini ƙasa da shi. Da tsunamin 11 ga Maris 2011 ta zo, ruwa ya tsaya ƙasa da dutsen, gidajensu suka tsira.

Rai da ajali na Allah ne, ba mai ja. Amma shi ne ya ba mu kunne da baki da alƙalami. Mutanen 1945 sun ɗauki kayansu a ka sun hau tudu don mu. Mafi ƙarancin abin da za mu yi shi ne mu san dalili, mu kuma gaya wa na bayanmu.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mu daga sharrin ruwa da na fari. Amin.